Shaƙuwar iyaye da 'ya'ya da kangarewar matasa

Shaƙuwar iyaye da 'ya'ya da kangarewar matasa fanni ne na bincike da ya haɗa ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin zamantakewa da nazarin laifuka. Yana duba yadda ƙarfin dangantaka ko rauninta tsakanin yaro da waɗanda suka raine shi ke shafar yiwuwar faɗawarsa cikin laifi ko ɗabi'un ganganci a shekarun balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade waɗannan shekaru daga 10 zuwa 19. Binciken da aka yi tun daga shekarun 1940 ya nuna cewa matasan da suka shaƙu da iyayensu, iyayen kuma suka san halin da suke ciki, ba su cika faɗawa sata, faɗa, shaye-shaye da gudun makaranta kamar takwarorinsu ba. Sai dai ƙarfin wannan alaƙa matsakaici ne, kuma abokai, unguwa, talauci da halin da aka haifi yaro da shi duk suna da nasu rabon.

Ma'anar kalmomi

Shaƙuwa a nan tana nufin amincewar da yaro ke da ita cewa akwai babban da zai koma gare shi in ya tsorata, ya yi rashin lafiya ko ya shiga damuwa. A wurin matashi ana auna ta da abubuwa kamar yadda yake faɗa wa iyayensa sirrinsa, yadda yake damuwa da ra'ayinsu a kansa, da kuma ko yana son ya yi koyi da su.

Kangarewa ita ce aikata abin da doka ta hana daga wanda bai kai shekarun girma ba, wato ƙasa da 18 a yawancin ƙasashe. Ta ƙunshi laifukan da ko babba ya yi za a hukunta shi, irin su sata da jikkata mutum, da kuma waɗanda ƙuruciya ce ta mayar da su laifi, irin su gudun makaranta da gudu daga gida. Ɗabi'un ganganci kuwa sun fi faɗi, domin sun haɗa da abubuwan da ke jefa lafiya ko rai cikin haɗari ko da ba a kai mutum kotu a kansu ba: shan taba da ƙwaya, tuƙin ganganci, caca da jima'i ba tare da kariya ba.

Tarihin binciken

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1990, yana cikin na farko da suka nazarci batun a tsare. A 1944 ya wallafa nazari kan yara 44 da aka kawo asibitin kula da yara a Landan saboda sata, ya kwatanta su da wasu 44 da aka kawo saboda wasu matsaloli na daban. Ya ware 14 daga cikin ɓarayin a matsayin yaran da ba su jin ƙauna ko tausayin kowa, ya kuma gano cewa 12 daga cikin 14 ɗin an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan kulawar uwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ya yi tasiri a kan yadda ake tafiyar da gidajen marayu da ɗakunan yara a asibitoci. An soki nazarin nasa saboda ƙarancin yaran da kuma dogaro da abin da iyaye suka iya tunawa. A 1972 Michael Rutter ya sake bitar hujjojin, ya nuna cewa rigimar cikin gida da ke haddasa rabuwa ta fi rabuwar kanta illa, domin yaran da mutuwa ta raba da iyaye ba su kangara kamar waɗanda husuma ta raba.

Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da Bowlby, ta lura da jarirai da iyayensu mata a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, daga baya ta ci gaba a Baltimore ta Amurka. Ita ce ta rarraba shaƙuwa gida uku: mai natsuwa, mai kau da kai, da mai ɗar-ɗar. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara ta huɗu, shaƙuwa mai ruɗani, wadda aka fi gani a yaran da wanda ya kamata ya kare su shi ne yake tsorata su.

Ta fuskar nazarin laifuka, ma'aurata Sheldon da Eleanor Glueck sun wallafa a 1950 sakamakon kwatanta yara maza 500 da suka kangara da wasu 500 da ba su kangara ba, dukansu daga unguwannin talakawa na Boston. Bambancin da ya fi fitowa fili a cikin gida yake: irin horon uba, sa idon uwa, ƙaunar kowannensu ga yaron, da haɗin kan iyali. A 1993 Robert Sampson da John Laub suka sake nazarin waɗannan bayanai da sababbin hanyoyin lissafi. Sun gano cewa talauci, cunkoson gida da yawan ƙaura suna kai yaro ga laifi galibi ta hanyar raunana sa ido da horon iyaye ne.

Ra'ayin ɗaurin zamantakewa

A 1969 Travis Hirschi ya juya tambayar da masana suka saba yi. Maimakon neman dalilin da ya sa wasu ke laifi, sai ya nemi dalilin da ya sa yawancin matasa ba su yi, alhali hanya a buɗe take. Ya yi amfani da amsoshin ɗalibai sama da 4,000 na yankin Richmond a Kalifoniya, ya ce igiyoyi huɗu ne ke ɗaure matashi da al'ummarsa. Ta farko ita ce shaƙuwa da iyaye, malamai da abokai. Ta biyu ita ce abin da ya zuba wa ƙoƙari yake tsoron asararsa, kamar karatu ko sana'a. Ta uku ita ce shagaltuwa da ayyukan kirki da ke cinye lokacinsa. Ta huɗu kuma yarda da cewa doka ta cancanci a bi ta.

A ganin Hirschi, ba zaman uba ko uwa kusa da yaro ne ya fi muhimmanci ba, tun da laifi ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Abin dubawa shi ne ko iyayen suna cikin zuciyarsa a lokacin da jarrabawa ta zo, har ya tambayi kansa abin da za su ce. Yaron da bai damu da ɓacin ransu ba ya rasa wannan birki. Hirschi da kansa ya yarda cewa bayanansa sun nuna tasirin miyagun abokai ya fi yadda ra'ayinsa ya yi hasashe. A 1990 shi da Michael Gottfredson suka mayar da hankali ga kamun kai, wanda suka ce ana gina shi ne tun yaro yana ƙarami idan iyaye suna lura da halinsa, suna gane kuskure, suna kuma gyara shi.

Hanyoyin da tasirin ke bi

Sa ido da sanin halin yaro

An daɗe da sanin cewa iyayen da suka san inda ɗansu yake, da wa yake tare da kuma abin da yake yi, 'ya'yansu ba su cika shiga matsala ba. A 2000 Håkan Stattin da Margaret Kerr suka nazarci yara 'yan shekara 14 kimanin 700 da iyayensu a ƙasar Suwidin, suka tarar cewa mafi yawan abin da iyaye suka sani ba ta hanyar bincike ko titsiye suka same shi ba, yaron ne ya faɗa don kansa. Wannan ya sauya fahimtar masana: sa ido mai amfani yana tsayawa ne a kan amana, kuma matashin da ke tsoron abin da zai biyo baya yakan koyi ɓoyewa.

Salon tarbiyya

Diana Baumrind ta bayyana salon tarbiyya uku a shekarun 1960, Eleanor Maccoby da John Martin suka mayar da su huɗu a 1983 bisa ma'auni biyu, wato ƙauna da tsare doka. Akwai iyaye masu ƙauna da tsare doka tare da bayyana dalili, akwai masu tsanani ba jan yaro a jiki, akwai masu shagwaɓawa ba doka, akwai kuma masu sakaci da ba su yin ko ɗaya. A yawancin binciken 'ya'yan rukunin farko ne suka fi nisantar laifi, 'ya'yan masu sakaci kuma suka fi faɗawa.

Zagayen tilastawa

Gerald Patterson da abokan aikinsa a jihar Oregon sun shiga gidaje suna rubuta yadda iyaye da yara ke mu'amala, ya wallafa sakamakon a 1982. Ya bayyana wani zagaye: uwa ta ba da umarni, yaro ya yi ihu ko taurin kai, ita ma ta ɗaga murya, shi ya ƙara, daga ƙarshe ta gaji ta ƙyale shi. Yaron ya koyi cewa fitina tana biya, uwar kuma ta koyi cewa ja da baya ne ke kawo sauƙi. Idan ya tafi da wannan hali makaranta, malamai da yaran kirki su guje shi, karatu ya lalace, sai ya tarar da irinsa.

Duka, cin zarafi da sakaci

A 1989 Cathy Spatz Widom ta wallafa binciken da ya bi diddigin yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi sakaci da su a Amurka. An fi kama su da laifi a ƙuruciya da kuma bayan sun girma idan aka kwatanta da yaran da ba su fuskanci haka ba, kuma sakaci kaɗai ma ya ɗaga haɗarin. Duk da haka yawancinsu ba a kama su da laifi a ƙuruciya ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken da ya shafi yara sama da 160,000, suka gano cewa duka da sunan horo yana tafiya tare da ƙarin faɗa, bijirewa da raunin dangantaka da iyaye.

Abokai da ƙwaƙwalwar matashi

Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara al'amura da danne sha'awa, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, alhali sassan da ke neman jin daɗi suna ƙarfi tun farkon balaga. Gwaje-gwajen Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun nuna cewa matashi ya fi yin kasada a wasan tuƙi na kwamfuta idan abokansa na kallonsa, manya kuwa kallon bai cika sauya su ba. Shaƙuwa da iyaye tana aiki a nan ta fuska biyu: tana shafar irin abokan da yaro ke zaɓa, tana kuma rage lokacin da yake ɓatawa ba babba a kusa.

Girman tasirin

A 1997 Michael Resnick da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon tattaunawa da ɗalibai sama da 12,000 a Amurka. Jin kusanci da iyaye da iyali ya zama kariya daga kusan duk ɗabi'un da aka auna, har da shan taba, giya da wiwi, tashin hankali, tunanin kashe kai da fara jima'i da wuri. A 2009 Machteld Hoeve da abokan aikinta a Holan suka tattara bincike 161, suka tarar cewa rashin sa ido, ƙin yaro, nuna masa gaba da juya shi ta hanyar ɗora masa laifi su ne suka fi alaƙa da kangarewa, amma ba su bayyana fiye da kashi 11 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin matasa ba. Wani nazarin nasu na 2012, wanda ya ƙunshi mutum sama da 55,000, ya nuna cewa alaƙar ta fi ƙarfi a ƙananan shekaru, kuma ta fi ƙarfi tsakanin uba da ɗa namiji ko uwa da 'ya mace.

Binciken da aka fara a 1961 kan yara maza 411 na kudancin Landan, wanda Donald West ya kafa David Farrington ya ci gaba da shi, ya gano cewa ƙasa da kashi 6 cikin 100 na iyalan ne ke da kusan rabin dukan hukunce-hukuncen da kotu ta yanke wa 'yan gidajen. Game da mutuwar aure, Joan McCord ta nuna a 1982 cewa yanayin gida ya fi siffarsa muhimmanci. Cikin yaran Boston da ta bi diddiginsu, kashi 62 cikin 100 na waɗanda auren iyayensu ya mutu kuma uwar ba ta jansu a jiki sun aikata manyan laifuka, haka ma kashi 52 na waɗanda iyayensu ke tare amma cikin rigima. Inda auren ya mutu amma uwar na da ƙauna, kashi 22 ne kawai, kusan daidai da kashi 26 na gidajen da ake zaman lafiya.

Muhawara

Babbar muhawara ita ce wane ne ke shafar wane. Tun 1968 Richard Bell ya ja hankali cewa yaro ma yana sauya iyayensa: yaro mai wuyar sha'ani yakan sa su ƙara tsanani ko su sallama. Binciken tagwaye da na yaran da wasu suka ɗauki renonsu ya nuna cewa gado na da hannu a hali irin na gaggawa da zafin rai, don haka kamannin uba da ɗa ba duka tarbiyya ba ne. A 1998 Judith Rich Harris ta wallafa littafi tana cewa tsara sun fi iyaye tasiri. Masu mayar mata da martani sun kafa hujja da gwaje-gwajen da aka koya wa iyaye sabon salo aka ga halin 'ya'yan ya gyaru.

Terrie Moffitt, wadda ta yi aiki da bayanan yara 1,037 da aka haifa a Dunedin ta Niyu Zilan a 1972 da 1973, ta raba masu laifi gida biyu a 1993. Akwai 'yan kaɗan da ke farawa tun ƙuruciya su ɗore har girma, waɗanda galibi suka haɗa matsalar ƙwaƙwalwa da gida mai wahala. Akwai kuma masu yawa da ke kangara a shekarun balaga kawai, su daina da sun sami aiki ko iyali. Wata sukar ita ce yawancin binciken an yi shi ne a Amurka da Turai, a gidajen da uwa da uba kaɗai ke reno.

A ƙasar Hausa

A gidan Bahaushe na gargajiya reno aikin mutane da yawa ne. Binciken da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan jarirai 18 na Hausawa a Najeriya ya nuna cewa jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma yana da wadda ya fi komawa gare ta, kuma ba lallai ne ta zama mahaifiyarsa ba. Al'adar kunyar ɗan fari, wadda ke hana iyaye kiran sunansa ko wasa da shi a idon jama'a, da al'adar ba da riƙo ga kaka, gwaggo ko inna, suna nufin cewa wanda yaro ya fi shaƙuwa da shi yana iya zama wani dangi. Karin magana irin su "ɗa na kowa ne" da "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" suna nuna tunanin cewa tarbiyya aikin gayya ce kuma da wuri ake fara ta. Girman birane, zaman haya, yawan mutuwar aure da fitar iyaye maza neman abinci daga safe zuwa dare sun rage yawan manyan da ke da ikon tsawata wa yaro.

Ƙungiyoyin matasa masu tayar da hankali suna da sunaye daban-daban: 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, 'yan sara-suka a Bauchi. A Damagaram ta Nijar, fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021 ya nuna rayuwar irin waɗannan matasa a unguwar Kara-Kara. Ban da raunin gida, rashin aikin yi da amfani da 'yan siyasa ke yi da matasa a lokacin zaɓe suna cikin abubuwan da ke raya waɗannan ƙungiyoyi. Game da almajirci, wanda ke raba yaro da iyayensa na tsawon lokaci, littafin da Hannah Hoechner ta wallafa a 2018 bayan zama da almajirai a Kano ya ƙalubalanci ɗaukar su a dunƙule a matsayin masu laifi, ya nuna yadda talauci da ƙyama ke tsara rayuwarsu.

Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 da aka gudanar a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Iyayen da 'ya'yansu suka gagare su sukan kai su gidajen mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300, wasu ɗaure da sarƙa, daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, abin da ya sa aka rufe wasu a Katsina da sauran wurare. Gidajen horon matasa na gwamnatin tarayya suna Kaduna, Ilorin da Abeokuta.

Rigakafi da doka

Shirye-shiryen da suka fi samun hujja su ne masu aiki da iyali gaba ɗaya. A 1977 David Olds ya fara shirin da ma'aikatan jinya ke ziyartar mata masu cikin fari a Elmira ta jihar New York har yaro ya kai shekara 2. Bayan shekara 15, an tarar cewa 'ya'yan matalautan mata marasa aure da aka ziyarta ba a kama su da laifi kamar 'ya'yan waɗanda ba a ziyarta ba. A ƙasar Aislan an haɗa ƙarfafa wa iyaye su ƙara zama da 'ya'yansu, hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare, da tallafa wa wasanni. Yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu da giya a cikin wata guda ya sauka daga kashi 42 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. A Afirka ta Kudu, gwajin shirin Sinovuyo da iyalai 552 a lardin Gabashin Kef, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna raguwar cin zarafi da shaye-shaye tare da ƙaruwar sa idon iyaye. Abubuwan da irin waɗannan shirye-shirye ke koyarwa sun haɗa da ware lokaci da yaro, yaba masa idan ya kyauta, kafa dokoki kaɗan da ba su sauyawa, da hukunci ba tare da duka ko zagi ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗora wa iyaye biyu nauyin reno, ta kuma wajabta wa gwamnatoci taimaka musu. Ƙa'idojin Riyad na 1990 kan hana kangarewar yara sun sa iyali a sahun gaba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara ta 1990 ta ƙara da nauyin da ke kan yaro na girmama iyayensa da taimaka musu. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi kotun iyali, ta kuma mayar da tsare yaro mataki na ƙarshe bayan an gwada sauran hanyoyi.